Tambuwal da Kebbe: Yaro ya iya alwala, bai san me ake yi a coci ba

A Tambuwal da Kebbe, yaro kan iya alwala tun yana ƙarami, albarkacin makarantun allo da Islamiyya. Amma tambaye shi abin da Kirista mai shago a kasuwarsu ke yi a coci ranar Lahadi, sai dai ya maimaita abin da ya tsinta a titi.

A 2017 gwamnatin tarayya ta umarci a raba darussan addinan biyu, bayan ce-ce-ku-ce kan manhaja. Hankalin iyaye ya kwanta, sai dai kowane yaro nasa kaɗai yake ji.

Saura darasin zamantakewa. Nan malami zai iya faɗa wa yara cewa Kiristoci da dama na azumin kwana 40 kafin Ista, muddin iyaye ba su ɗauka wa'azi yake yi ba.