Musanyar Kaya Tsakanin Jeri Biyu: Yadda Ake Gano Kuskure a Umarnin Kwamfuta

Unguwar Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, ita ce cibiyar kasuwanci ta birnin Bangui a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma Hausawa sun daɗe suna saye da sayarwa a cikinta. Daga kasuwarta za mu ɗauki misalin wannan darasi. Harshen da za mu yi aiki da shi shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991.

A ce wani ɗan kasuwa yana da shago biyu, ya rubuta kayan kowanne a jeri:

shago1 = ["sukari", "gishiri", "shinkafa"]
shago2 = ["sabulu", "ashana", "mai"]

Yana so sukari ya koma shago na biyu, sabulu ya dawo na farko. A Python daga 0 ake fara ƙirga gurbi, saboda haka mai koyo yakan rubuta:

shago1[0] = shago2[0]
shago2[0] = shago1[0]

Idan aka duba, sabulu za a gani a jerin duka biyun, sukari kuwa ya ɓace. Dalili shi ne kwamfuta ba ta ɗauke abu daga wuri ta kai wani wuri, ɗora sabo take yi a kan tsoho. Layin farko ya shafe sukari tun kafin layi na biyu ya neme shi. Haɗarin wannan kuskure shi ne kwamfuta ba ta yin gargaɗi, sai ranar lissafin kaya a tarar da giɓi.

Mai son musanya gero da dawa tsakanin ƙwarya biyu, dole ya nemo ƙwarya ta uku. Haka abin yake a nan:

ajiya = shago1[0]
shago1[0] = shago2[0]
shago2[0] = ajiya

Ana kuma iya yin wannan a layi ɗaya, domin Python yakan karanta duk abin da ke hannun dama kafin ya taɓa na hagu:

shago1[0], shago2[0] = shago2[0], shago1[0]

Kuskure na biyu yakan faru ne idan jerin suna da yawa, aka sa kwamfuta ta bi su bibbiyu. In ta haɗa na farko da na biyu, sannan ta sake haɗa na biyu da na farko, an yi musanya sau biyu ke nan, komai ya koma inda ya fito. Sai mutum ya zaci umarnin bai yi aiki ba.

Na uku shi ne bambancin tsawo. Jeri mai kaya 3, gurbinsa na ƙarshe shi ne 2. In aka nemi gurbi na 3, aikin zai tsaya, ya bar wasu kaya an musanya, wasu ba a taɓa ba.

Hanyar bincike ɗaya ce. Ɗalibi ya fara da gajeren jeri, ya rubuta a takarda abin da yake tsammani bayan kowane layi, sannan ya sa kwamfuta ta nuna jerin biyu a kowane mataki. Layin farko da takarda da allo suka saɓa, can kuskuren yake.