Tantani, Mai Tsaron Ƙofa

Jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, duka an gina su da waɗansu 'yan ƙananan ɗakuna, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Sunansu ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani mutumin Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba da labarinsu cikin 1665.

Kowace ƙwaya tana da tantani kewaye da ita. Mun san tantanin da ke cikin ɓawon ƙwai. To, wannan ya fi shi rashin kauri nesa ba kusa ba. Da mai aka yi shi, riɓi biyu.

Mu kwatanta shi da ganuwar birnin Kano. Ganuwa tana da ƙofofi, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofa. Haka tantani ya ke. Iskar da jini ke kawowa daga huhu tana ratsa shi kai tsaye. Amma gishiri da sukari ba su wucewa sai ta ƙofa. Ta haka abinci ke shiga, dauda kuwa ta fita.

Ruwa yana da tasa doka: wajen da gishiri ko sukari ya fi yawa, can ya ke nufa. Ku gwada a gida. Ku yanka albasa, ku barbaɗa mata gishiri. Jim kaɗan za ku ga ruwa yana tsattsafowa. Saboda haka ne takin zamani in ya yi yawa a gindin ƙaramar shuka ya kan ƙone ta, gama yana janye ruwa daga saiwa.

To, ga inda wannan sani zai ceci rai. In yaro yana zawo, ruwa da gishiri suna zuba daga jikinsa. Idanunsa su faɗa, bakinsa ya bushe. Wannan bushewa ita ke kashe yara.

A tantanin hanji akwai wata ƙofa wadda ba ta buɗe wa gishiri sai ya zo tare da sukari. In sun shiga tare, sai ruwa ya bi su zuwa cikin jini. Wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana wannan cikin 1960.

Don haka a ke ba mai zawo ruwan gishiri da sukari. Na ƙunshi wanda a ke samu a asibiti ya fi kyau. In babu, ga yadda za mu haɗa:

Ruwa lita 1, a tafasa, ya huce.
Sukari ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe, ba a tule ba.
Gishiri rabin ƙaramin cokali.

Ku ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. In gishiri ya yi yawa, zai jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, ciwo ya ƙaru. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, uwa ta ci gaba da ba shi nono. Abin da ya yi kwana ɗaya a zubar, a haɗa sabo. In yaro ya kasa sha, ko an ga jini cikin zawo, a kai shi asibiti maza.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin tantani?
2. Wane waje ruwa ya ke nufa?
3. Don me a ke haɗa gishiri da sukari?