Girgizar Ƙasar Alƙahira ta 1992: Abin da Ya Kashe Mutane

Ranar Litinin, 12 ga Oktoba 1992, jim kaɗan bayan ƙarfe uku na rana, ƙasa ta motsa a kusa da Dahshur, kimanin kilomita 35 kudu da birnin Alƙahira. Ƙarfinta bai wuce maki 5.8 ba, wato matsakaiciya ce a ma'aunin masana. Amma kafin ƙura ta lafa, sama da mutum 500 sun riga mu gidan gaskiya, fiye da 6,000 sun jikkata, kimanin 50,000 kuma sun rasa matsuguni.

Idan muka tambayi dalilin wannan asara, amsar tana cikin gine-gine. A ƙauyukan lardin Giza, gidajen tubalin laka ne suka rufta a kan masu su. A tsofaffin unguwannin Alƙahira, benayen da suka daɗe ba a gyara ba suka tsage. A Heliyofolis, wani dogon bene mai hawa sama da goma ya durƙushe gaba ɗaya, alhali maƙwabtansa na tsaye. Masallatai masu ɗaruruwan shekaru ma ba su tsira ba: bango ya dare, hasumiyoyi suka tsatstsage.

Abin da ya fi sosa zuciya ya faru ne a makarantu. Yara da dama ba gini ne ya faɗo musu ba. Firgita suka yi, suka yi rububin fita ta ƙananan matakala, aka tattake su. Da an koya musu su sunkuya ƙarƙashin tebur, su kare kawunansu, sannan su fita a jere bayan girgizar ta tsaya, da wataƙila iyaye da yawa ba su yi kuka ba.

Mun yarda rai da ajali a hannun Allah suke. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta wanke maginin da ya rage siminti da rodi, ko mai gidan da ya ƙara hawa a kan tushen da ba zai ɗauka ba, ko jami'in da ya sa hannu ya kau da kai. Gini amana ne, domin rayukan bayin Allah ke kwana a cikinsa.

Saboda haka mu dubi rufin da iyalanmu ke barci a ƙarƙashinsa, mu dubi ƙofofin makarantunmu da masallatanmu: za su wadaci jama'a ranar firgici? Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyashe mu cin amana.