Gyatsar Saniya da Ɗumamar Duniya: Abin da Shanun Batsari da Safana Ke Ci

A watan Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, duk wanda ya ratsa karkarar Batsari ta wajen Ruma, ko ta Safana ta wajen Runka, zai tarar da shanu kwance a inuwa suna tuƙa, haƙarƙarinsu duk a waje. Ciyawa ta bushe ta zama kamar tsintsiya, karan gero da na dawa da aka bari a gonaki tun kaka sun kusa ƙarewa. Matar makiyayi wadda ke cika ƙwarya da nono da damina, yanzu da ƙyar take haɗa abin da za ta kai kasuwa. Wannan asara kowa ya san ta. Amma akwai wata asarar da ido ba ya gani, wadda ke fita ta bakin saniyar kusan sau ɗaya a kowane minti, watau gyatsa.

Cikin saniya ɗaki huɗu ne, mafi girmansu shi ne tumbi. Ita kanta saniya ba ta iya narkar da zaren ciyawa ba. Masu yi mata wannan aiki wasu ƙwayoyin halitta ne, miliyoyi bisa miliyoyi, da ke zaune a cikin tumbin, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke ruɓar da ciyawar su mayar da ita sinadaran da jinin saniya ke tsotsa ya ba ta ƙarfi da nama da madara. A yayin wannan aiki sai iskar haidirojin ta taru, kuma idan ta yi yawa narkewar abinci na tsayawa. Don haka akwai wani rukuni na ƙwayoyin da ke haɗa haidirojin ɗin da iskar kabon, su samar da wata iska da ake kira miten. Ita ce saniya ke gyatsawa. Sama da kashi 90 cikin 100 na miten ɗin ta baki da hanci take fita, ba ta baya ba kamar yadda wasu ke zato.

Miten iska ce mai kama da wuta. Irinta ce ake haƙowa daga rijiyoyin gas. Ashe ke nan ƙarfi ne saniya ke zubarwa. Masana sun auna cewa tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da ta ci yana salwanta ta wannan hanya. Idan kuma iskar ta hau sama, sai ta shiga sahun iskokin da ke tare zafin rana su hana shi komawa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kilo ɗaya na miten yana tare zafi kimanin ninki 27 na kilo ɗaya na iskar kabon a tsawon shekara 100. Sauƙinta ɗaya: ba ta wuce kimanin shekara 12 a sararin sama ba ta lalace, saboda haka duk ragin da aka yi yau za a ga amfaninsa ba da daɗewa ba. Dalili ke nan da ya sa a taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, suka ɗauki alkawarin rage miten a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

To, wace saniya ce ta fi fitar da ita, ƙosasshiyar saniyar Amurka ko ramammiyar Bunaji? Alƙaluman da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2006 sun ƙiyasta cewa saniyar tatsa a Amurka ta Arewa tana fitar da sama da kilo 120 na miten a shekara, ta Afirka kuwa kilo 46. Sai dai ta farko tana ba da madara kilo 8,400 a shekara, ta biyu kilo 475. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya raba: kowane kilo na madarar Amurka ya zo da kimanin giram 15 na miten, na Afirka kuwa kusan giram 100. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya na 2010, wanda ya haɗa dukan iskokin da samar da madara ke jawowa, ya nuna haka: matsakaicin duniya daidai yake da kilo 2.4 na iskar kabon a kan kowane kilon madara, amma a Afirka kudu da Sahara ya kai 7.5.

Sirrin yana wurin yadda jiki ke kasafta abinci. Abin da saniya ta fara ci, riƙe rai yake tafiya: numfashi, bugun zuciya, da doguwar tafiya neman kiwo da ruwa. Rarar da ta saura ita ke zama madara. Da rani furotin da ke cikin busasshiyar ciyawa kan sauka zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, alhali ƙwayoyin tumbi suna bukatar wajen kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Sai abinci ya daɗe a tumbi yana ruɓa a hankali, saniya ta rage ci, ta soma cin naman jikinta. Gyatsa dai ba ta fasa ba, hantsa kuwa ba komai. Bugu da ƙari, karsanar da ke shan irin wannan wahala takan kai shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, ta kuma yi tazarar kusan shekara biyu tsakanin maruƙa. Duk waɗannan watanni miten na fita ba tare da ɗigon madara ba.

Kada a ɗauki wannan lissafi a matsayin laifin makiyayi. Saniyar Bafulatani ba don madara kaɗai ake kiwonta ba. Tana ba da taki, 'ya'yanta na jan garma da amalanke, ita ce asusun gida, kuma tana mayar da kara da ciyawar da mutum ba ya ci su zama abinci. Lissafin da ya ɗora dukan iskar a kan madara ya cuce ta.

A ƙasashen da ke da hali, an koma zuba magani a abincin shanu. Akwai mai suna Bovaer, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, yana rage miten na shanun tatsa da kimanin kashi 30 cikin 100. Amma tilas ne saniya ta riƙa samunsa kullum a gauraye da abincinta, abin da bai dace da garken da ke yini a daji ba.

Maganin Batsari da Safana yana rataye a kan bishiyoyi da rufin ɗakuna: harawar wake da ta gyaɗa. Furotin ɗinta ya ninka na karan dawa sau da yawa, kuma ɗan damin da aka ba saniya da yamma yakan farfaɗo da ƙwayoyin tumbi har su narkar da karan da ta ci da rana. Haka dusa da ƙowa suke. Angurya kuwa, wadda ake samu daga ƙasar auduga ta su Funtuwa, riba biyu gare ta: ga furotin, ga mai, shi kuwa mai yana dakushe ƙwayoyin da ke haɗa miten. Sai dai idan mai ya haura kashi 6 ko 7 cikin 100 na abincin, narkewar ciyawa ce ke lalacewa. Sannan ga gawo, bishiyar da ke kaɗe ganye da damina ta yi kore da rani, ta zubo da 'ya'ya daidai lokacin da dabba ta fi bukata. Ko karan ma ana iya inganta shi: a daddatsa kilo 100, a narkar da takin yuriya kilo 4 a ruwa a yayyafa, a rufe ruf da leda mako uku, a sha masa iska kafin a bayar. A kula, yuriya tsurarta guba ce ga dabba.

Saniyar da ta ƙoshi za ta iya fitar da miten fiye da da, tun da cinta ya ƙaru. Amma idan madararta ta tashi daga lita ɗaya zuwa biyu, abin da ke kan kowace lita ya faɗi ƙwarai, kuma gida ya sami nonon shanu biyu daga guda.

Neman abincin rani ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Tun shekarun 1960 aka keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai a matsayin makiyaya, aka yi madatsun ruwa da taimakon Amurka. A shekarun 1980 masu bincike sun gwada killace fili a shuka ciyawar sitailo mai furotin a kudancin Kaduna, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika kuma ta daɗe tana nazarin ciyar da Bunaji. Amma daga shekarun 2010 satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a kewayen Dajin Rugu sun raba mutane da yawa da garkensu, suka kuma hana noma gonakin da ke nesa da gari. Gonar da ba a shuka wake ba, ba ta ba da harawa. Wanda shanunsa suka tsira ya matso da su kusa da gari, dole ya dogara da abin da ya tara ko ya saya, kuma damin harawar da ake samu da araha a watan Nuwamba, kafin Afrilu sai mai kiwon ragon layya ko mai turken sa ke iya tayawa.