Giyabos da Ƙullin Masa

Duk wanda ya zauna Mabera a Sakkwato ya san abin da watan Agusta ke yi mana. Ruwa ya sauka da dare, gari na wayewa ka tarar hanya ta zama gulbi, 'yan kabu-kabu sun naɗe wando, masu mota na tunanin inda za su bi. A irin wannan safiya ce yayana ya kutsa cikin ruwa da Hilux ɗinsa, ƙirar 2008 mai giya otomatik, wadda da ita yake ɗaukar albasa da siminti yana ciyar da gida. Ta fita lafiya. Bayan kwana goma sai ta fara noƙewa: inji na kuka, mota na tafiya kamar an riƙe ta ta baya. Da ya zaro sandar awon man giya, man da muka sani ja kamar zoɓo ya koma kamar an dama shi da madara.

Giyabos na da ɗan hancin da yake shaƙar iska ta sama. Idan ruwa ya kai nan, ya shiga ciki, shi ke nan, domin faifayen kulocin da ke ciki fuskarsu wata irin takarda ce da aka manna a jikin ƙarfe, ruwa kuwa yana ɗaye ta. Shawarar kowa ɗaya ce: a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sayo giyabos ɗan Baljiyam. Amma tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, kuma cinikin biri a sama ne, ba ka san wahalar da ya sha a ƙasarsu ba. Yayana ya yi shekaru yana koyon kanikanci kafin ya koma tuƙi. Ya ce a gida za mu buɗe shi.

Ni ne ɗan miƙo sifana, kuma abin da na gani a kwana shidan nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na zaci aikin ƙarfi ne. Ƙarfin bai wuce na rana ɗaya ba, ranar da muka kwance farfela, muka tara matasan layi aka sauko da giyabos ɗin. Duk sauran aikin, wallahi, da sana'ar Innarmu ya yi kama, wadda ta fi shekara talatin tana tuyar masa a ƙofar gida.

Ita ce ma ta fara lura. Ta ga mun shimfiɗa buhu a tsakar gida za mu zube kayan, ta ce, “Ku kuwa, wanga abu ba ya son ƙasa, ko? To mi kuka yi da shi a tsakar gida?” Ta sa muka share ɗakin zaure, aka yayyafa ruwa, aka rufe taga, ta ba mu tire-tire na silba da faifai na rufewa. Ba ta taɓa ganin cikin giyabos ba, amma ta san cewa tsakuwa ɗaya a cikin ƙulli ta isa ta kori mai saye har abada. Haka abin yake. A ƙasan giyabos akwai wani faranti na alminiyam mai hanyoyi birjik, kamar magudanan ruwa a lambun albasa, wanda shi ke tura mai zuwa kulocin da ya kamata a lokacin da ya kamata. A cikinsa akwai ƙananan fistin da ke zamewa cikin ramukansu ba tare da sararin da ido zai gani ba, da 'yan ƙwallaye da ba su fi ƙwayar wake ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a nan, giya ta biyu ba za ta shiga ba. Ko tsumma ba a gogewa da shi, saboda zarensa. Wankewa ake yi, a busar da iska. Wajen mai faci muka ari bututun iska. A garin da ƙura ke shiga har cikin akwatin tufafi, wannan shi ne rabin aikin.

Sai tsari. Inna ba ta taɓa zuba yis kafin niƙa ba, ba ta kuma ɗora tanda kafin ƙulli ya tashi. Cikin giyabos hawa-hawa yake: faifan takarda, faifan ƙarfe, faifan takarda, faifan ƙarfe, sai zoben da ke kulle su, sai haƙora masu zagaya juna, ɗaya a tsakiya, ƙanana na kewaya shi, babban zobe ya rungume su duka. Daga riƙe wannan a saki wancan ake samun giya huɗu da ribas. Duk abin da yayana ya zaro, sai ya ɗauki hotonsa da waya, ya ajiye a tire daga dama zuwa hagu yadda ya fito. Akwai siraran washa da ba sa zama wurinsu idan an zo haɗawa. Da man basilin na shafawa ake liƙa su, domin yana narkewa cikin man giya ba ya toshe komai. Daga ɗakin matarsa aka ɗauko.

Inda kamar ta fi burge ni shi ne jiƙo. Sababbin faifayen kuloci ba a sa su a bushe. Sai an tsoma su cikin sabon man giya sun sha, aƙalla minti goma sha biyar; yayana ya bar nasa suka kwana. Idan aka sa su a bushe, tashin farko za su ƙone. Inna ta leƙo ta ga kwanon, ta ce, “Shinkafata ma sai ta kwana cikin ruwa. Wanda ya niƙa ta da tsauri, masarsa tsakiyarta ɗanya.” Bayan jiƙo sai awo: tsakanin faifayen akwai ɗan sararin da kamfani ya ƙayyade, ana auna shi da siraran ƙarafa na ɓangaren milimita. Ya yi kaɗan, su goga juna su yi zafi. Ya yi yawa, giya ta riƙa jinkiri. Kaurin ƙulli ke nan, wanda Inna ke ganewa da ɗaga ludayi.

Akwai kuma wata tukunya rufaffiya tsakanin inji da giyabos, wadda ita ke madadin kulocin ƙafa. Ka dama fura a ƙwarya da sauri ka ga yadda ɗan kara da ke bisa nono ke zagayawa ba tare da ludayi ya taɓa shi ba: haka fankar inji ke juya mai, mai ya juya fankar giya. A walde take, ba a iya wanke cikinta a gida, don haka ita kam sai da muka sayi wata. A nan nake ganin masu gyara da yawa ke cutar kansu. Sai su zuba sabon kaya, su bar tsohuwar tukunya da bututun da ke kai mai lagireto cike da dattin da. Babu mai masa da ke zuba sabon mai kan ƙonanniyar tanda. Mun wanke bututun har sai da abin da ke fita ya yi fes.

Ba na cewa kowa ya buɗe giyabos a zaurensa. Wanda bai da littafin kamfani, ko abin auna ɗaurin noti, ko haƙurin kwana shida, gara ya kai wa masu sana'a. Na zamani masu giya shida da kwamfuta ma wani karatu ne daban. Amma ina jin zafin yadda muke jefar da abin da kamfanin Aisin na Japan ya ƙera don a riƙa buɗewa ana sabuntawa, saboda kawai mun ɗauka aljanu ne a ciki. Zafi da datti da ruwa ke kashe shi, kuma Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba ta rasa ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka tayar da motar. Yayana ya taka birki, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya bar inji na aiki har ya ɗumama sannan ya auna mai ya ƙara. Muka kama hanyar Illela, muka wuce Kware, ina ƙirga shigar giya da kunne: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ko wacce ta shiga a hankali. A Gwadabawa muka juyo. Da muka iso gida ya ɗiga man a farar takarda ya kai wa Inna, ta ɗaga ta duba, ta shinshina ko akwai ƙauri, sannan ta ce a wanke mata tirenta da toka kafin magariba, gobe Juma'a akwai ciniki.