Mai sana'ar kansa: ana ganinsa ranar patanti, ba a ganinsa ranar tallafi

Tun da sassafe, kafin ma'aikatan gwamnati su kama hanyar ofis, an riga an buɗe rumfuna a kasuwar Dole ta Damagaram, da babbar kasuwar Maraɗi, da Katako ta birnin Yamai. Tela ya hau kekensa, makaniki ya baje kayan aikinsa, mahauci ya rataye nama, mai tebur ya jera sukari da ganyen shayi. Can cikin gida kuma uwargida ta ɗora kaskon ƙosai, ko ta fara suyar ƙuliƙuli, domin abin da maigida ke shigowa da shi ba ya kai wata. Irin waɗannan gidaje su ne mafi yawa a biranen Nijar. Suna aiki, suna biyan patanti da kuɗin rumfa. Amma ranar da ciwo ko gobara ko tsufa ya sauka, suka nufi wuraren da aka kafa domin taimakon jama'a, sai su tarar da ƙofa biyu a rufe. Ta farko ta ce ba su da ubangida, ta biyu kuma ta ce talaucinsu bai kai ba.

Ƙofar farko: asusun masu albashi

Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, ya samo asali tun zamanin mulkin mallaka. A ranar 15 ga watan Disamba na 1952, bayan doguwar gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago na Afirka ta Yamma, Faransa ta kafa dokar aiki ta ƙasashen da take mallaka. Daga wannan doka ne aka buɗe, a tsakiyar shekarun 1950, asusun biyan kuɗin iyali ga masu aikin albashi. Bayan samun ƴancin kai, a 1965, Nijar ta mai da shi CNSS. Ayyukansa uku ne: kuɗin iyali, da diyyar haɗari a wurin aiki, da fansho. Cikakkun ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsari daban, asusun CARENI ne ke kula da fanshonsu.

An gina CNSS bisa mutum biyu, ma'aikaci da ubangidansa. Bisa ƙa'idar da ake aiki da ita a farkon shekarun 2020, ubangida yana zuba kashi 8,4 cikin 100 na albashi domin kuɗin iyali, da kashi 1,75 domin haɗarin aiki, da kashi 6,25 domin fansho, a kuma cire kashi 5,25 daga albashin ma'aikacin. Abin da ake ba kowane yaro a wata shi ne sefa 1.500, wato dala ɗari uku. Kuɗin ba su da yawa, amma ga mai ƴaƴa biyar sun zama 7.500 a wata, 22.500 a wata uku. Ga kuma abin da ake ba mace lokacin goyon ciki da bayan haihuwa.

To, kuɗin iyali ubangida kaɗai ke zuba su. Wanda yake shi ne ubangidan kansa ba shi da mai zuba masa, ba shi da mai sa hannu a takardar shaidar kwanakin aikinsa, ba shi da takardar albashi. Saboda haka tela mai shekara ashirin bisa keke, idan ya je neman kuɗin ƴaƴansa, amsar da doka ta tanadar masa ita ce sunansa ba ya cikin littafi. Akwai wata ƴar hanya ta zubin ganin dama domin fansho, amma mai binta shi ke ɗaukar kason ma'aikaci da na ubangida gaba ɗaya, kuma ba ta kai shi ga kuɗin iyali.

Abin da ya fi ƙona ran ƴan kasuwa shi ne wannan: idan ɗan kasuwa ya ɗauki direba ko mai gadi, doka ta tilasta masa ya rubuta shi a CNSS. A albashin sefa 50.000, kason ubangida ya kama 8.200 kowane wata. Direban yana iya karɓar kuɗin ƴaƴansa, gobe kuma ya ci fansho. Wanda ya biya masa, in kasuwa ta juya masa baya, ba ya da ko dala a wurin. Wannan na cikin dalilan da suka sa da yawa ke gudun rubuta yaransu, asarar kuma ta koma kan yaran.

Ƙofa ta biyu: tallafin marasa ƙarfi

Bayan ƙarancin abinci na 2005 da na 2010, gwamnati da Bankin Duniya sun kafa a 2011 wani shiri na ba gidaje marasa ƙarfi tsabar kuɗi. An fara shi a jihohin Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. A zangon farko, kowane gida da aka zaɓa ya riƙa samun jika goma a wata har tsawon wata 24, kuma a hannun mace ake danƙa kuɗin. A 2019 aka shiga zango na biyu mai suna Wadata Talaka. Shirin ya share hawayen gidaje da dama, musamman a karkara, inda wasu mata suka sayi awaki ko suka kama ƴar sana'a da abin da suka samu.

Sai dai wannan ƙofa ba ta buɗuwa don mutum ya ƙwanƙwasa. Ana fara zaɓen ƙananan hukumomi da ƙauyukan da talauci ya fi yi wa katutu, sa'an nan masu bincike su bi gida gida da takardar tambayoyi: mutum nawa ne a gidan, da me aka yi rufi da bango, dabbobi nawa, wace kadara aka mallaka. Daga amsoshin ake lissafa maki, a jera gidaje, a ɗauki na ƙasa. Dalilin wannan dabara a fili yake, tun da ba mai iya sanin abin da manomi ko mai talla ke samu a wata, sai a auna shi da abin da ido ke gani.

Ido kuwa yana ganin kadara, ba ya ganin bashi. A ɗauki misalin tela a wata unguwa ta Tawa, mai keken ɗinki da rufin kwano da tsohon babur. Ga mai lissafi wannan gida yana da hali. Amma keken shi ne gonarsa, in ya sayar da shi ya sayar da abincin gobe. Cinikinsa na makonni ne kafin ƙaramar salla da babbar salla da lokacin bukukuwa bayan kaka. Da damina ta tsaya, mutane suka koma gona, hatsi ya yi tsada, yana iya kwana bakwai bai yanka yadi ba. Abin da ya tara a azumi shi zai ja har kaka, ga kuɗin haya, ga na wuta, ga na lakwal. Ma'aikaci yana da wata goma sha biyu masu kama da juna. Shekarar mai sana'a tudu ce da gangare, kuma takardun tallafi ba su da gurbin rubuta haka.

Haka abin yake a gidan likita. Tun bayan shirin Bamako na 1987 aka shigo da tsarin biyan kuɗin magani. A 2005 da 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 biyan kuɗi, haka ma mata masu awon ciki da masu haihuwa ta hanyar fiɗa. Wannan mataki ya shafi kowa, ba a tambayar takardar albashi. Amma jinkirin da gwamnati ta riƙa yi wajen mayar wa gidajen likita kuɗinsu ya sa sau da yawa magani ya yanke, a miƙa wa uba takarda ya je kanti ya saya. Shi kansa maigidan, wanda gidan duka ya rataya a wuyansa, in ya kwanta ciwo asara biyu ce: kuɗin magani na fita, rumfa kuma na rufe. Akwai takardar shaidar rashin hali da ake nema a ma'aikatar magajin gari, amma mai rumfa a kasuwa da wuya a yarda ya cancanta, shi ma da wuya mutuncinsa ya bar shi ya nema.

Wahalar takardu

Ko a gidan da ɗaya daga cikin ma'aurata ke aikin albashi, ɗayan kuma ke sana'a, hakkin ba ya zuwa sai da tarin takardu: takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, shaidar cewa yaron yana raye kuma yana hannun mai nema, shaidar likita ga ƙanana, shaidar lakwal ga waɗanda suka isa karatu. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida gaban liman da shaidu halal ne a wurin jama'a, amma in ba a kai shi an rubuta ba ofis bai san da shi ba. Yaron da ba a rubuta haihuwarsa cikin wa'adi ba sai an je gaban alƙali da shaidu kafin a ba shi takarda.

Kowace takarda tana cin tambur da kuɗin mota, tana kuma cin yini. Ma'aikaci in ya nemi izini ya tafi, albashinsa yana nan. Mai tebur in ya rufe ya tafi, yinin ya tafi ke nan, watakila a ce masa ya dawo gobe. Da yawa sukan auna abin da za su kashe da abin da za su samu, su ga riba ba ta kai wahala ba, su haƙura.

Ranar da kasuwa ta tsaya

Masu sana'a sun sha ganin ranar da ciniki ke tsayawa ba da laifinsu ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai a 1987. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, abin da ya taɓa Maraɗi da Ɗan Isa da Birnin Ƙonni tun daga babban alhaji har mai turin amalanke. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe iyakar har farkon 2024.

Ma'aikatan gwamnati ma sun ɗanɗana tasu, domin waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da watannin da suka wuce babu albashi ba. Amma bashin albashi rubutacce ne, akwai ƙungiyar ƙwadago mai bin sawunsa. Cinikin da ya wuce ba mai binsa bashi. A waɗancan watanni ma, mai tebur na unguwa ne ya riƙa ba ma'aikaci shinkafa da sukari bashi har albashi ya fito. Ciwon ɗaya bai taɓa barin ɗayan lafiya ba.

Abin da ke riƙe da mai sana'a a irin wannan rana shi ne dangi, da zakka, da adashi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa masu ƙaramin ƙarfi suna iya zubi kowane mako ba fashi, in sun san inda kuɗinsu yake kuma sun yarda da mai riƙon akwati. Sai dai adashi yana jure ciwon mutum ɗaya. In gobara ko rufe iyaka ta faɗa wa ƴan zubi duka a lokaci guda, akwatin ba ya isa.

Abin da ya rage ga magabata

Maganar ba baƙuwa ba ce a wurin mahukunta. Nijar ta amince da manufar ƙasa ta kare jama'a a 2011, ta kuma kafa doka a kan ginshiƙanta a 2018. Hukumar ƙwadago ta duniya ta yi kira a 2015 da a shigo da masu sana'o'in da ba a rubuta ba cikin tsarin kariya. Wasu ƙasashe sun riga sun taka: Kamaru ta buɗe zubin ganin dama ga masu sana'ar kansu a 2014, Kodebuwa kuma, inda ƴan Nijar da yawa ke neman abinci, ta kafa musu tsari na musamman a 2019, mai ba da fansho da diyyar kwanakin ciwo da na haihuwa, inda ake lissafa zubi bisa abin da mutum ya bayyana yana samu.

Tsarin da zai yi aiki a Nijar sai ya bi shekarar mai sana'a yadda take. A bar tela ya zuba da yawa bayan salla, ya saurara da damina ba tare da an soke sunansa ba. A karɓi zubi a cikin kasuwa ko ta wayar salula, kada a sa mutum rufe rumfa. A yawaita zaman alƙalai a unguwanni da ƙauyuka domin ba da takardun haihuwa da na aure. A kuma yi shawara da sarakunan sana'a da ƙungiyoyin ƴan kasuwa tun daga farko, domin tsoron da ke zuciyar kowa shi ne kada rubuta suna ya zama wata hanyar ƙarin haraji. Wannan tsoro ba ya gushewa da jawabi, sai ranar da aka ga tsohon maƙeri ya karɓi fanshonsa a kan lokaci.

Su ma ƴan kasuwa da nasu nauyi. Wanda ke kukan an bar shi a waje bai kamata ya bar direbansa da mai gadinsa a waje ba, kuma rubuta aure da haihuwa cikin wa'adi ya fi sauƙi nesa da zuwa gaban alƙali daga baya.

Ma'aikatar haraji ta san lambar rumfar tela, ta san unguwarsa, ba ta ɓata hanya ranar karɓar patanti. Gwamnatin da ta iya gano shi a wannan rana tana iya gano shi ranar da ya kwanta ciwo ko ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya sa magabata su duba.