Ko Kun Sani? Ciwon Nono Ba Ya Hana Shayarwa

Kumburin nono ya fi kama mai jego a makonni 6 na farko bayan haihuwa. Yakan faro ne idan ruwan nono ya taru bai samu fita ba, ko kan nono ya tsage saboda jariri bai kama da kyau ba, ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga. Gefe ɗaya ya yi tauri, ya yi zafi, zazzaɓi da sanyin jiki su biyo baya.

A lokacin ruwan nonon yakan ƙara gishiri, shi ya sa wani jaririn ke kawar da kai, amma bai zama guba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da shayarwa, domin yaye kwatsam na iya kai ciwon ga tara mugunya.

Uwa ta huta, ta ɗora ƙyalle mai sanyi, kada a murza nonon da ƙarfi. In an kwana an yini ba sauƙi, a garzaya asibiti.